Tayin Aulis na Uku

Mijina Aulis mutum ne mai cika alkawari, wannan ba zan ci haƙƙinsa ba. Sai dai in zai ɗauki alkawarin yakan bar wa kansa 'yar ƙofa ta baya, kuma duk daɗewar da muka yi tare sai da ya kama ni da ita a kan maganar ɗakin arewa.

Ɗakin nan nawa ne tun da 'ya'yanmu suka watse. A ciki na kafa masaƙar da na gada wurin uwata, ƙatuwa ta katako, wadda sai kin buɗe hannu biyu kafin ki jefa ƙoshiya. Shimfiɗun ƙasa na tsumma nake saƙawa, irin waɗanda ba gidan da ba a takawa a nan yankinmu na Savo. To da Aulis ya ajiye aikin kamfanin waya, sai ya shiga wata ƙungiya ta 'yan sa-kai masu haɗa babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, dangin Linux. Sun sa wa tasu suna Kuikka, sunan tsuntsun nan mai kuka a tafki. Kyauta suke bayarwa, wanda ya ga dama ya buɗe cikinta ya gyara. Na ce madalla, ya fi zaman kallon taga. Ban ankara ba sai ga shi da abokansa suna nishi, sun shigo da wata tsohuwar na'ura mai tsayin firji. Ya ce ɗakin arewa ne kaɗai mai sanyin da za ta iya zama. Ya ce na ɗan lokaci ne. Aka kwance masaƙata aka jingine ta a ɗakin itace, kusa da sauna, ɗakin wankan tururinmu.

Iri biyu suke fitar da Kuikka. Akwai siririya, ta tsofaffin kwamfutoci waɗanda ƙwaƙwalwarsu ke ɗaukar abu talatin da biyu a loma ɗaya, akwai kuma mai faɗi, ta masu ɗaukar sittin da huɗu. Aulis ya sha yi mini bayani har abinci ya huce, ni kuwa da masaƙa na gane. Masaƙa mai faɗi tana iya ba ki siririn ƙyalle in kin so, amma siririya ko za ki kwana kina roƙonta ba za ta ba ki mai faɗi ba. Ya ce ba daidai haka ba ne. Na ce ya kawo wanda ya fi, ya kasa.

Siririyar ita ce rabon Aulis, kuma ita ce na'urar nan take dafawa dare da rana, tana gurnani, kyanwarmu tana kwance a kanta saboda ɗumi. Da na fara ƙorafi sai ya ɗora hannu a ƙirji ya ce, "Hilkka, ranar da babu sauran mai buƙatar siririya, ɗaki naki ne." Na yarda, don na ga kowa yana sayen sabuwar kwamfuta. Abin da bai gaya mini ba shi ne dokar ƙungiyarsu: muddin akwai mutum ko ɗaya da ya ce yana amfani da iri, ba a yar da irin.

Masu amfani da ita suka yi ta raguwa kamar haƙoran tsoho, har ya rage mutum ɗaya tak. Duk lokacin da aka fitar da sabon zubin manhajar, sai saƙo ya shigo: "Tana aiki. Na gode. L. Kettunen." Ba ƙari ba ragi. Aulis yakan karanta mini shi da ƙarfi a teburin karin kumallo, yana shafa man shanu a burodi kamar wanda ya ci zaɓe. Ni kuwa na tsani L. Kettunen ɗin nan tun ban san ko namiji ne ko mace ba.

Ana haka sai jikarmu Pihla ta zo da maganar aure, an sa biki watan Satumba. Na tambaye ta me take so. Ta ce ba ta son komai sai shimfiɗa irin tawa, mai faɗin da za ta cika falonsu daga bango zuwa bango, ba ɗinki a tsakiya. Na dubi Aulis, Aulis ya dubi kyanwa. Irin wannan aiki ba na mako ɗaya ba ne, in ban kafa masaƙa kafin bazara ta yi nisa ba, to sai dai amarya ta taka katako tsirara.

Outi ce shugabar ƙungiyar, sa'ar 'yata ce, takan biyo ta wajenmu shan gahawa in za ta gidan iyayenta. Na tare ta a kicin na zazzage mata cikina. Ta ce ita ma ta gaji, kowane aiki sai an yi shi sau biyu, kuma masu yin manyan manhajoji na waje sun daina kula da siririya, Aulis ne kawai yake bi yana liƙe-liƙe kamar mai facin taya. Amma ta ce doka doka ce, ba za ta karya ta a kan dattijon da ya koya mata rabin abin da ta sani ba. Shawara ɗaya ta ba ni: mu je mu ga kwamfutar L. Kettunen da idonmu, in ta kusa mutuwa ai mun san inda muka dosa.

Aulis ya karɓi shawarar da murna, don shi a zatonsa ɗan'uwa zai gani. Ya rubuta yana neman izinin ziyara, amsa ta zo: "Ku zo ran Lahadi. Ba ni da abin ba ku." Da na ji haka na san tebur zai cika har ya yi ƙara.

Ran Lahadi muka kama hanyar Nurmes, garin L. Kettunen, da safe. Ya sa kwat ɗinsa ta zuwa coci, ya cika jaka da sukurdireba da tsofaffin kayan gyara. Tun daga gida yake siffanta mini mutumin: tsohon injiniya ne, ƙila na jirgin ƙasa, mai gemu, wanda ya san darajar ƙarfen da. Na ce in mai gemun yana da ɗaki na banza a gidansa, to ya karɓi firjin gaba ɗaya har da kai.

Wata 'yar tsohuwa ce ta buɗe mana ƙofa, ta girme ni nesa ba kusa ba, ga ta ƙarama kamar tsuntsuwa, ta ɗaura farin ƙyallen girki. Ta ce sunanta Lempi, ta yi shekaru tana dafa wa 'yan makarantar garin abinci. Aulis ya leƙa bayanta yana neman mai gemu. Ta ce maigidanta ya daɗe da rasuwa, ita ce L. ɗin.

Tebur kuwa kamar yadda na faɗa: fanken shinkafa na Karelia da man ƙwai, burodi mai zaƙi, kek iri-iri, gahawa tana tururi. Ta ce mu matso. Na ce ai mun sha a hanya, alhali ko ruwa ba mu kurɓa ba. Ta sake cewa mu matso kada ya huce. Na ce kada ta wahalar da kanta saboda mu. Sai da ta faɗa na uku sannan muka tashi a hankali, na ce to rabin kofi kawai. Aulis ma ya bi tsari tsaf, ya zaɓi yankin kek mafi ƙanƙanta. Ya sha wuya kafin ya koya. Shi ɗan Helsinki ne, babban birni, ranar da ya fara zuwa gidanmu neman aurena uwata ta yi masa tayi sau ɗaya, ya miƙa hannu ya ɗauke yanki mafi girma. Har ta koma ga Mahaliccinta tana ba da labarin.

Da muka ci muka ƙoshi da rabin kofi uku-uku, sai Lempi ta kai mu kusurwar falo inda kwamfutar take, an lulluɓe ta da ƙyalle mai aikin allura. Aulis ya durƙusa ya buɗe jakar kayan gyaransa tun ba a yaye ƙyallen ba. Ta yaye. Sai ga wata siririyar aba mai sheƙi, ko ƙura babu, wadda ko ni da ban san komai ba na ga ba ta kai kyanwarmu shekaru ba.

Ya zauna ya ɗan buga wasu haruffa, rubutu ya fito a allo, ya karanta. Na ga kunnensa na hagu ya yi ja. Wannan kunnen shi ne yake gaya mini gaskiya tun muna saurayi da budurwa.

"Lafiyarta ƙalau," in ji shi, ya jawo ƙyalle zai rufe.

Na riƙe gefen ƙyallen. Na tambayi Lempi inda ta samo ta. Ta ce ɗanta Seppo ne, wanda ke aikin jirgin ruwa a Norway, ya kawo mata da ya zo hutu. Ita kuma a ɗakin karatu na gari aka koya wa tsofaffi yadda za su sa Kuikka da kansu, ta dawo gida ta bi abin da aka ce daki-daki. Na ce to yaya aka yi ta zaɓi siririya.

"Ai biyu aka ajiye mini, 'yar nan," in ji ta. "Ga talatin da biyu, ga sittin da huɗu. Ni kaɗai ce a gidan nan, me zan yi da sittin da huɗu? A bar wa masu iyali."

Na dubi Aulis. Yanzu kunnuwan biyu ne suka yi ja.

"Tsoho," na ce, "gaya mata."

Ya yi gyaran murya ya gaya mata, yana kallon takalminsa. Kwamfutarta mai faɗi ce tun daga haihuwa. Siririyar da ta sa ba ta iya ganin ko rabin wurin ajiyar da ke ciki, kamar a ba mutum gida mai ɗakuna da yawa ya tare a ɗakin girki. Ya ƙara da cewa abin ba ya ƙarewa, ko duk duniya ta ɗauki babbar ba a rage wa kowa komai ba.

Lempi ta yi murmushi ta ce, "Haka kowace matar gida take cewa, wai akwai saura a kicin."

Nan na ga ɗakina yana yi mini murmushi daga nesa. Ba wai ba ta iya ba ne, kara ce kawai, kuma kara mun san maganinta. Na gyara zama na ce, "Yaya Lempi, ki karɓi babbar mana."

Ta dube ni da tausayi. "Ke kika toya?"

Ba ni na toya ba. Tayi na mai abu ne, baƙuwa ba ta yi wa baƙuwa tayin kek ɗin wani. Muka juya mu biyu muka zuba wa Aulis ido.

Tayin farko da kyar ya fito, kamar ana ciro ƙaya. Yana kallon silin ya ce in tana so, ana iya sa mata mai faɗin. Ta ce a'a, wannan ta ishe ta. Na ɗora ƙafata a kan tasa a ƙarƙashin tebur, ba da ƙarfi ba, dai-dai yadda zai tuna ina nan. Ya ce ba wani aiki ba ne, kafin yamma an gama. Ta ce kada ya wahalar da kansa saboda tsohuwa.

Na ukun bai fito ba.

Ya ɗauki kofinsa wanda babu komai a ciki ya kai baki. Agogon bango yana ta tafiyarsa. Mu uku duk mun san abin da tsayawa a na biyu yake nufi: an yi tayin ne don fita kunya, ba a so ki karɓa. Lempi ta fara tattara faranti don ta sauƙaƙa masa.

Na ɗauke ƙafata. Tayi na uku in an matsa wa mutum ya yi shi, ba tayi ba ne. Kuma da na dube shi a kwat ɗin coci, da jakar sukurdireba a gefensa, sai na ga abin da yake gani: safiyar da zai tashi babu gurnani a ɗakin arewa, babu saƙon da zai karanta mini yana shafa man shanu. Na fara lissafa a raina yadda zan ari ƙaramar masaƙar maƙwabciyata in saƙa sirara in haɗa su da ɗinki, in ce wa Pihla haka ake yayi yanzu. Na ce to, bari mu kama hanya tun rana ba ta yi sanyi ba.

Muna neman huluna sai kwamfutar ta fara ƙara. Lempi ta ajiye faranti ta ruga, wai ta manta yau Lahadi, Seppo ne da iyalinsa. Ta gyara gashinta, ta zauna ta latsa. Murya ta fito tana yankewa, ta namiji, sai ta mace, sai wani gwarancin jariri. Allon kuwa baƙi ƙirin, in ban da wani ɗan zobe da ke ta juyawa a tsakiya.

"Mama, kina ganinmu? Ga shi yana ɗaga miki hannu."

"Sarai nake ganinku," in ji Lempi, tana ɗaga wa baƙin allo hannu. "Kai, ya yi wayo."

Ba su daɗe ba suka yi sallama. Ta juyo tana fara'a ta ce jikanta ne, ya fara rarrafe, haka suka ce.

Aulis yana tsaye da hula a hannu. Ya tambaye ta tun yaushe hoton ya daina fitowa. Ta yi ɗan tunani ta ce tun kafin a haifi yaron. Na san abin da ke ransa, don na tuna lokacin da ya yi ta fama da wani facin da ya ƙi zama, na ɓangaren kiran bidiyo, har ya haƙura ya ce mini ba komai, tunda ba wanda ya kawo kuka ai ba wanda ke amfani da shi.

"Amma kullum kina rubuto mini tana aiki," in ji shi.

"Ai tana kunnuwa. Kuma abin kyauta ake kai wa ƙara?"

Ya rataye hularsa a inda ya ɗauko ta. Ya ɓalle maɓallin kwat ya sake ɓallawa, ya tsaya a gabanta kamar mai neman aure, wannan karon ita yake kallo ba silin ba.

"Yaya Lempi, ni na toya, kuma na rantse akwai saura. Ki karɓi babbar, don Allah."

Ta sunkuyar da kai tana murza bakin ƙyallenta. "To, tunda ka matsa. Amma kaɗan."

"Ba a yanka ta," in ji shi.

Ya cire kwat ya naɗe hannun riga. Sai da ya kwashe hotunanta da girke-girkenta ya adana a gefe, sannan ya share siririyar da hannunsa ya zuba mai faɗi. Mu kuma muka koma kicin muna feraye dankali, tana ba ni labarin yaran da ta ciyar waɗanda yanzu wasunsu sun yi furfura, ina ba ta labarin masaƙata. Da ta ji cewa saboda ita ce masaƙar take jingine a ɗakin itace, sai ta ajiye wuƙa ta rufe baki da hannu. Ta ce da ta sani ai da ta ɗauki babbar tun farko. Sai kuma ta ce a'a, gaskiya da ba ta ɗauka ba.

Kafin dankali ya nuna Aulis ya kira mu. Ya sa ta kira Seppo. Allo ya haskaka, sai ga wani ƙaton jariri ya cika shi, yana tauna kunnen wata 'yar tsana, miyau har ƙirji. Lempi ta matsa kusa, ta ja baya, ta sake matsawa. Can ta ce, "Kunnuwan kakansa ne. Allah sarki, ba wanda ya gaya mini." Seppo daga can ya ce ai ta sha ganinsu. Ta ce masa ya gyara riƙon yaron.

Muka kama hanyar dawowa har muka wuce rabin tafki. Sannan Aulis ya ce gobe zai rubuta wa Outi. Na ce to. Na miƙa masa fanken Karelia daga ƙunshin da Lempi ta cusa mana, ya karɓa a tayin farko, na ƙyale shi.

Shi ya kashe na'urar da kansa. Gidan ya yi wani irin tsit har na kasa barcin rana. Kyanwa ta yi fushi da mu duka, ta koma kwana cikin kwandon tsumma. Kuma sai da aka fitar da firjin nan na gane ashe shi yake ɗumama rabin gidan, ɗakin arewa ya koma ɗakin arewa na gaske, ina saƙa da safa biyu a ƙafa. Aulis bai ce ai ga shi nan ba, amma na ga yana so.

Shi ya yanka mini tsumman, da ma'auni, kowane zare faɗinsa ɗaya, abin da uwata ba ta taɓa yi ba. Tsofaffin rigunansa na kamfanin waya su suka zama shuɗin layin da ke gefe. Shimfiɗar ta sauka daga masaƙa ana saura mako biki, ta cika falon Pihla daga bango zuwa bango, ba ɗinki.

Yanzu Kuikka iri ɗaya ake fitarwa, Outi ta ce ko ba komai ba wanda zai ƙara yin kara a gaban shafinsu. Aulis kuma ya nemo wa kansa sabon aiki a ƙungiyar, ba wanda ya ba shi. Duk wanda ya rubuto cewa tana aiki, sai ya amsa ya ce da gaske? In an ce da gaske, ya sake tambaya. A na uku ake faɗa masa gaskiya. Ya ce ashe rabin ƙasar nan suna zaune da firinta da ba ta bugawa, suna godiya. Outi ta ce ya tono musu aikin da ya ninka na siririya, ta rasa ko ta gode mini ko ta daina shan gahawata.

Lempi ma ba ta fasa ba. Zubin da ya wuce saƙonta ya shigo kamar kullum, tana aiki, na gode. Ya tambaya, ta ce lafiya lau. Ya sake, ta ce kada ya damu. Shekaranjiya amsa ta uku ta iso, ya karanta mini yana shafa man shanu: haruffan sun yi mata ƙanana, amma in manyan na wasu ne a bar su.